Zuwa ga Abba, Mai Riga Lamba Uku

Azizya, Madina
Juma'a, bayan La'asar

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Abba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa ka sauka lafiya, ya haɗa ka da mutanen kirki a ƙasar da ba ka san kowa ba. Allah ya tsare ka daga sanyin Ingila da duk abin ƙi da ke cikinta, ya tsare maka sallarka da lafiyar jikinka.

Yau kwana tara ke nan da na raka ka filin jirgi a Jidda. Ka ga dai yadda muka rabu. Tun daga Madina na cika bakina da magana, awa huɗu muna cikin mota, amma abin da na iya furtawa shi ne ka kula da fasfonka. Kai kuma ka ce, "Ɗayyib ya Baba," ka sumbaci goshina, ka shige. Mu duka mun san ba tafiyar je-ka-ka-dawo ba ce. Shekarunka sun wuce a riƙe ka a kan iƙamata, takardar zamana a ƙasar nan. Nan gaba in za ka zo garin da aka haife ka, da biza za ka zo kamar kowane baƙo. Na juyo da motar ni kaɗai, ban ko kunna rediyo ba har na hango fitilun Harami.

Da gangan na rubuta maka da Hausa. Na san za ka sha wuyar karantawa, kuma laifina ne, don ni na bari ina yi maka Hausa kana amsa mini da Larabci har ka girma. Amma abubuwan da zan faɗa maka da Hausa suka same ni, ban san yadda zan juya su ba. Ka bi a hankali, ba sauri ake ba.

A mota ka ce mini bayan karatun jami'a akwai wani abu. An kira ka sansani a Najeriya lokacin hutu, za a gwada ka ko za ka buga wa ƙasa ƙwallon zari-ruga, a lamba uku. Na ci gaba da tuƙi kawai, kai kuma ka ɗauka tsohon fushin nan ne. Ba fushi ba ne. Abba, ni ma na sa riga lamba uku. Shekara bakwai na sa ta, sau ɗaya ma da sunan ƙasa. Umminka, Allah ya jiƙanta, ta sani. Kai ne na ɓoye wa.

A sakandare kusa da Zariya na fara. Ranar da na fara ganin sukuram dariya na yi har na riƙe ciki. Mutum takwas sun sunkuya sun rungumi juna, uku a gaba, biyar a bayansu, sun kafa kai da wasu takwas kamar raguna, ana turereniya a kan ƙwallo mai siffar gwanda. Wani malaminmu Bature ya ji dariyata, ya dubi wuyana, ya ce in zo in shiga tunda abin dariya ne. Daga ranar aka sa mini suna Bijimi, sunan ya bi ni har jami'a.

Kuskurena na farko shi ne na raina sukuram. Na ɗauke shi aikin jaki. Abin da nake so shi ne a ba ni ƙwallo in ruga, mutum uku su rataya a jikina, 'yan kallo su yi ihu. A jami'a kocinmu wani tsohon soja ne, Saje Bala. Ya sa an ƙera masa wani katako mai matasai, ya jibga masa bulo, kullum da yamma sai mu takwas mun tura shi daga wannan gefen fili zuwa wancan. Ni kuwa ban rasa uzuri ba, yau ɗakin gwaje-gwaje, gobe ciwon kai. In ya yi faɗa sai in ce a raina, wa zai tura ni a ƙasar nan? Kuma gaskiya a lokacin babu. Girman jikina ne ya sa aka zaɓe ni cikin waɗanda za su je buga wasa da wata ƙasa a gabashin Afirka.

Wanda zan kara da shi, lamba ɗayansu, wani gajeren mutum ne mai furfura a gemu, ko kafaɗata bai kai ba. Na dube shi na ji tausayinsa. Sukuram na farko, kafin in gama kafa ƙafa ya shige ƙarƙashin ƙirjina. Na ji numfashina ya tsaya, ƙafafuna sun bar ƙasa, mu takwas muna ja da baya kamar an saki kura a gangara. Alƙalin wasa ya busa, fenariti nasu. Na ce sa'a ce. Na biyu ma haka, na uku ma haka. Kafin a tafi hutun rabin lokaci ban iya ɗaga kaina sosai ba. Muna da wani ɗan Jos mai gudu kamar barewa, wanda muka ɗora wa duk burinmu. Sau biyu ya taɓa ƙwallo a wunin nan. Da aka tashi ya zo ya tsaya a kaina ina zaune a ciyawa, ya ce, "Bijimi, jirgi muka hau har nan don in zo in kalli bayanka yana dawowa?"

To ka ji abin da na koya da wuyana. A makaranta ko a kulob, ƙato yana iya rufe ragwancinsa da girman jiki. A wasan ƙasa da ƙasa kowa ƙato ne, kuma kowa ya yi aikinsa. In sukuram ɗinku yana ja da baya, ba ƙwallo ɗaya kawai kuka rasa ba. Duk sanda ƙwallo ta suɓuce wa ɗanku ta faɗi gaba, ya zama horo a kanku, saboda haka masu gudunku za su fara kama ta da tsoro, mai tsoro kuwa shi ke yarwa. In ma abokan karawa ne suka yi kuskure aka ba ku sukuram, ba za ku yi murna ba, don kun san abin da ke jiran ku. Alƙalin wasa ɗan Adam ne, da zarar ya ga wanda ke baya sau biyu, na ukun ko ba laifinku ba ne ku zai busa wa. Su buga ta kusurwa, su dawo da ku bakin layinku, su sake danne ku. Kuma mutum takwas da suka wuni ana tura su ba su da sauran ƙafar bin kowa a ƙarshen wasa. Shekarun nan da muka sa dish a gida, in kana makaranta a Jidda nakan kalli manyan ƙasashe suna wasa, ni kaɗai a falo. Mai sharhi yana ta yabon wanda ya ruga ya ci, ni kuwa idona na kan mutum ukun gaba. Sau da yawa tun sukuram na biyu nake sanin wanda zai koma gida da baƙin ciki.

Saboda haka kada ka guje wa atisaye, musamman wanda ba mai kallo. Ka gina wuyanka da bayanka kamar yadda ake gina ginshiƙi. Kada ka auna abokin karawa da ido. In ka gamu da wanda ya fi ka, bayan wasa ka je ka gaishe shi ka tambaye shi yadda ya yi maka. Ni girman kai ya hana ni tambayar gajeren nan, sai da na shekara ina laluben abin da zai gaya mini a minti biyar.

Na dawo na gyara. Na zama na farko a wurin katakon Saje Bala. Da a nan labarin ya tsaya, da tuni na ba ka shi da bakina muna dariya.

Lamba biyunmu sunansa Yakubu, muna ce masa Gajere. Ɗakinmu ɗaya a jami'a, kwanonmu ɗaya. Lissafi yake karanta, kuma bai iya rufe baki ba, ko a cikin sukuram sai ya ba mu dariya. Ka san yadda lamba biyu yake tsayawa, amma ina so ka sake tunani a kai. Hannunsa ɗaya na kan kafaɗar lamba ɗaya, ɗayan na kan kafaɗarka. Ba shi da hannun kare fuskarsa. Mutum biyar na bayansa suna tura shi gaba, takwas na zuwa daga gabansa. Abin da ya raba wuyansa da wannan nauyi duka shi ne riƙon da ku biyu kuka yi masa. Kafin kowane wasa Yakubu yakan ce mana, "To, ga amanar wuyan ɗan tsohuwa nan." Mu yi dariya.

Shekara guda bayan waccan tafiya aka shirya wasan zaɓe a Kaduna, mu 'yan Arewa da 'yan Ikko. Wanda ke gabana ya lura ina da saurin zuciya. Tun farko yake goga mini gemu a kunne, yana taka ni, yana tsikarata. Na daure har bayan hutun rabin lokaci. A zamaninmu ba a jiran alƙalin wasa ya ƙirga, da an sunkuya sai karo. Mun riƙe juna, mun sunkuya, sai mutumin nan ya zagi uwata da 'yar Hausar da ya tsinta a kasuwa. Abba, ban yi tunani ba. Na saki rigar Yakubu, na miƙe zan kai masa naushi. A daidai lokacin nan mutanenmu biyar na baya suka tura, nasu ma suka taho. Yakubu ya shiga shi kaɗai, a karkace, tsakar kansa ta daki kafaɗar mutum. Na ji ƙarar. Har yau ina jin ta.

Da aka ɗaga mutane daga kansa yana kwance idonsa biyu. Ya ce, "Bijimi, ƙafafuna suna ina?"

Naushin ma ban kai ba. Kuma cikin hargitsin ba wanda ya ga abin da na yi. Saje Bala ya dafa ni ya ce ƙaddara ce, in yi haƙuri. Na bar shi a kan haka.

Ban san yadda zan mai da wannan nasiha ba tare da ta yi sauƙi da yawa ba. Abin da zan ce shi ne, za a zage ka. A wasan ƙasa da ƙasa ma sai abin ya fi haka, don akwai waɗanda sana'arsu ke nan, su gano mai zuciya su kunna shi. Za a zagi fatarka, za a zagi addininka, wataƙila a ambaci Umminka da ke kwance a Baƙi'a. Ka haɗiye. In dole sai ka rama, ka rama da ƙafafunka, ka tura shi har alƙalin wasa ya ji tausayinsa. Daga sanda ka kama rigar lamba biyu har sanda ƙwallo ta fita, wannan hannun ba naka ba ne. In ka ji ba ku shirya ba, ka ɗaga murya tun kafin a sunkuya, ka ce a dakata, ko da za a ce ka ji tsoro. Amma in an riga an sunkuya, ko kunama ce ta harbe ka, kada ka saki.

Abin da na yi bayan nan ya fi wancan muni, don wancan ƙiftawar ido ne, wannan kuwa da hankalina na yi shi. Sau biyu na je duba Yakubu a asibiti. An kafe masa kai da ƙarafa, yana kallon silin, amma yana ta zolayar masu jinya. Zuwa na uku na tarar da mahaifiyarsa a ƙarƙashin wata darbejiya a bakin ɗakin, tana shanya zanin gadonsa. Ta ce, "Kai ne Bijimin? Kullum sai ya yi zancenka. Allah ya yi maka albarka, ɗana, yadda ka riƙe shi Allah ya riƙe ka." Na durƙusa na amsa da amin, na ce na yi mantuwa zan dawo. Ban koma ba. Na daina wasa, na gama karatun haɗa magunguna, na yi aure, da aka ce ana neman ma'aikata a Saudiyya na kasance cikin na farko. Mutane suka ce Sani ya yi dace, zai zauna maƙwabtaka da Manzon Allah. Haka ne. Amma ni na san har da nisa na zo nema.

Shekara goma sha takwas ban rubuta masa ko layi ɗaya ba.

Wata rana bayan aikin Hajji ina saidaliyya, kantin maganin da nake aiki, da hantsi, sai wata mata ta shigo ta yi sallama da Hausar Zariya. Ta ce tana son maganin gyambon kwanciya na maigidanta, kuma yana waje, kekensa ba ya hawa matakala, yana son ganin mai maganin da kansa. Na fito da kwalin a hannu. Ga mutum a keken guragu, ya yi furfura, yatsunsa sun lanƙwashe a cinyarsa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Bijimi, ashe tumbi ka zo ajiyewa a garin Manzo."

Kwalin ya faɗi. Na ce, "Gajere, ya aka yi ka same ni?"

Ya ce, "A Harra ta Gabas aka sauke mu. Na tambayi Hausawan wurin ko sun san wani mai magani ɗan Zariya wanda ba a gane inda kansa ya ƙare wuyansa ya fara. Mutum uku suka nuna mini Azizya."

Na durƙusa a gaban keken a bakin titi, motoci na wucewa. Na ce, "Yakubu, akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ranar nan…"

Ya katse ni. "Ka saki rigata. Na sani. Jikina ne fa, na ji lokacin da hannunka ya tashi."

Na ce, "Ka sani, ba ka faɗa ba?"

"In faɗa wa wa? Ya mayar mini da ƙafa? Sani, wannan na yafe maka tun ina kallon silin. Yara ne mu, kuma da uwata ya zaga wataƙila ni ma da na miƙe. Abin da ya ci ni shi ne shirun. Tsohuwa har ta rasu tana tambayata, wai ina abokin nan naka mai kirki? Ni nake ƙirƙiro mata gaisuwarka."

Na yi kuka a wurin kamar ba babba ba. Matarsa ta juya baya ta ba mu wuri. Shi kuwa ya sa bayan hannunsa ya buge ni a ka ya ce, "Tashi, kana tara mana Larabawa. In kana son biya, ga keke nan. Kwana takwas zan yi, salla arba'in nake so a Masallaci, kuma Hajiya ta gaji da turi."

Na ɗauki hutu na tura shi, sallolin nan arba'in ba mu rasa ko ɗaya ba. A hanya ya ba ni labarin yadda hannuwansa suka ɗan dawo, yadda ya koma ya gama digirinsa, yadda yake koyar da lissafi a sakandare da alli ɗaure a yatsa. Ban taɓa jin nauyi mai daɗin turawa kamar wannan ba.

Nasihar a nan gajeriya ce. In ka cuci mutum, a fili ko a wajen fili, ka je wurinsa kafin rana ta faɗi. Kunyar yau ƙarama ce, in ta kwana sai ta haihu. Kuma kada ka yanke wa mutum hukuncin cewa ba zai yafe ba, ka bar shi ya faɗa da bakinsa. Ni na hana kaina aboki shekara goma sha takwas, na hana shi, a kan abin da ya riga ya yafe.

Wataƙila ka tuna shi. Ya ci tuwo a gidanmu, kana ɗan shekara goma sha biyu, ka ce masa Ammu mai keke, wato baffa mai keke. Ya sa ka sunkuyo ya taɓa wuyanka, ya yi dariya ya ce mini, "Wannan lamba uku ne tun daga ciki." Na ɓata rai na ce ba zai taɓa ƙwallon nan ba ina raye. Ya ce, "Kada ka hana shi, Sani. Ka koya masa. Wanda bai iya ba shi ke karya mutane." Ban ji ba.

Sauran ka sani, amma daga gefenka kawai. Da na kai ka makaranta Jidda ka haɗu da 'ya'yan Turawa da 'yan Afirka ta Kudu, ka fara wasa a filin yashinsu. Ranar da na ga rigar a jakarka na ɗauke ta na jefa a kwandon shara na titi. Ka biyo ni har ƙofa kana neman dalili, kana cewa, "Lesh ya Baba? Bas gaya mini lesh!" Na ce don na ce. Da ka shiga ɗaki Umminka ta same ni ta ce, "Alhaji, ko ka gaya masa gaskiya ko ka ƙyale shi. Hani ba dalili ba ya hana ɗa, sai dai ya koya masa ɓoyo." Na ce mata lokaci bai yi ba. Shekara ba ta zagayo ba muka kai ta Baƙi'a. Daga nan muka zama mu biyu a gidan nan, in ka zo hutu mu ci abinci a faranti ɗaya ba mai ce wa wani komai sai miƙo ruwa. Na san kana wasanka a ɓoye. Kai ma ka san na sani.

Akwai abin da ba ka sani ba. Wata Alhamis, bayan rasuwarta da 'yan watanni, na rufe saidaliyya na kama hanyar Jidda. Na tsaya a bayan wayar filin, cikin direbobi da masu gadi, na ja shimagi, mayafin kan nan na Larabawa, na rufe fuska. Na gan ka. Wallahi na ji alfahari har ƙirjina ya yi mini ciwo. Kuma na ga abubuwa uku da ya kamata in gyara maka tun ranar, ga su yanzu a makare. Kana barin ƙugunka ya fi kafaɗunka tudu, wanda ya iya zai kifar da kai da ka. Kana kallon ƙasa lokacin karo, alhali inda ido ya kalla can jiki ke zuwa, ka ɗaga haɓa ka dubi inda kanka zai shiga. Na ukun kuma, da wani sukuram ya watse na ga ka bi lamba ɗayansu ka ture masa fuska da tafin hannu, abokanka na riƙe ka. Kamar madubi aka ajiye mini. Na koma mota na zauna har aka tashi, na gan ka ka fito kana dariya da jaka a kafaɗa, tsakaninmu bai fi taku talatin ba. Na tada mota na dawo Madina.

Da na fito na kira sunanka ranar nan, da shekaru huɗun da suka biyo baya ba haka suka kasance ba. Na bar ka ka koyi abu mai haɗari a hannun baƙi, alhali malaminsa na zaune a gidanku yana kallon dish. Kuma na bar ka kana zaton ubanka bai damu da abin da kake so ba. Ka yafe mini, Abba. In Allah ya ba ka naka 'ya'yan, ka gaya musu inda ka faɗi tun suna ƙanana. Ba ya rage wa uba girma. Ni ɓoyon ne ya rage mini.

Yanzu ga abin da nake so. Ka je sansanin, da yardata da albarkata. In sun ɗauke ka alhamdulillahi, in ba su ɗauke ka ba ka tambayi dalili ka koma ka gyara. Karatu dai shi ne ya kai ka, kada ƙwallo ta ci shi, don wuya yana da shekarun da yake yi ya gaji. In ka sauka Najeriya ka nemi kwana biyu ka je Zariya, Tudun Wada, ka tambayi gidan Malam Yakubu mai lissafi, kowa ya san shi. Zan aika masa da dabinon Khaibar ta hannun masu Umara, amma kai ne saƙon gaske. Ka yi masa Hausa komai karyewarta, zai yi maka dariya, ka bar shi ya yi. Ka sunkuya a gabansa yadda kake sunkuyawa a fili ya duba ka. Abin da ya sani game da layin gaba ya fi nawa, don shi daga tsakiya ya gan shi.

Ni kuma kada ka sa damuwata a ranka, ko da yake ba zan yi maka ƙarya ba, gidan ya yi mini yawa. Ina zuwa aiki, ina zuwa Harami, ranar Juma'a in leƙa Umminka in gaya mata inda kake. Ɗakinka na nan yadda ka bar shi, ban ko kashe agogon da ke tashin ka ba. In an ɗauki wasanku a kaset ka aiko mini, ko an ci ku. In wasiƙa da Hausa ta gagare ka, ka yi ta da Larabci, ko ka gauraya, ni dai in ga rubutunka.

Allah ya tsare gabanka da bayanka, damanka da hagunka. Allah ya tsare wuyanka da wuyan duk wanda zai sunkuya kusa da kai, naku da na abokan karawa. Allah ya sanyaya maka zuciya a lokacin da ta fi zafi, ya ba ka ilimi mai amfani, ya sa in sake ganin ka da idona a garin nan. Maƙwabta duk suna gaishe ka.

In kun haɗu da wanda zai tsaya lamba biyu a gefenka, ka rubuto mini sunansa da sunan mahaifiyarsa. Ina so in riƙa ambaton sa tare da kai in na shiga Rauda.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Sani